Gashin da Ya Zube na Mai Kai Ne

Litinin, da hantsi

Rubuta, Ƙanwa. Me kike jira, sai na yi gyaran murya kamar mai karanta labarai? Kuma kar ki gyara min magana. Yadda ta fito haka za ki zuba ta. Ke kika yi boko, ni na yi duniya.

Ni makitsiya ce. Ko da yatsun nan sun fara sandarewa, har gobe ba a haifi wadda za ta fi ni miƙe tsaga ba. Likita ya ce jinina ya hau, wai ina haɗiye magana da yawa. Ke kuma tunda kika daina koyarwa kike neman wanda za ki yi wa jan biro, kika ce in riƙa faɗa kina rubutawa don jikoki. To ga ni.

Tsohuwar da ta koya min sana'a, kafin ta bari in taɓa mataji, abu biyu ta dasa min. Na farko, idan kin taje kan mace, gashin da ya zube ki tattara shi tsaf, har wanda ya maƙale a haƙoran mataji, ki dunƙule, ki sa mata a tafin hannu. Ba ki ajiyewa, ba ki sharewa. Nata ne, ita ta san yadda za ta yi da shi. Na biyu, mace idan ta ɗora kai a cinyarki, bakinta buɗewa yake, don ba ta ganin idonki. Abin da kunnenki ya ji, shi ma gashi ne.

Na ji abin da zai raba aure, na ji abin da zai kai mutum gidan yari. Ga ni nan, ko ke da muka sha nono ɗaya ba ki taɓa jin ko ɗaya ba. Shi ya sa jinin ya hau, in ji likita. To ya hau ɗin.

Laraba, bayan la'asar

Yau na yi baƙuwa. Tun motarta ba ta gama tsayawa ba ƙamshi ya riga ta shigowa, don haka Mai Turare za ki rubuta. Doguwa, fara'a kamar mai tallan magani. Ta durƙusa har ƙasa, Mama kaza, Mama kaza, wai ta ji labarin hannuna, ba ta son kowa ya taɓa kanta sai mahaifiyar ɗan majalisa.

Nan na gane. Tunda Autana ya shiga majalisa na ga masu kamun ƙafa iri-iri. Wanda ya kasa shiga ta ƙofar ofis sai ya zagayo ta ɗakin uwa. Amma ita ce ta farko da ta kawo kanta da kanta ta ɗora a cinyata.

Ta zo da kwandon lemo da wani man shafawa na yatsu. Ta ce kamfaninsu yana da likitocin ƙashi a ƙasar waje, ni dai in ce ina so. Na ce, "'Yar nan, yatsun nan sun gama aikinsu, ba sa neman biza."

Da na cire mata ɗankwali na fara tsefewa, sai hannuna ya tsaya. Bayan kunnenta na dama akwai wani ɗan fili kamar girman ƙwandala inda gashi bai taɓa fitowa ba, kuma gashin ƙeyarta juyawa yake ta hagu. Kai ɗaya na taɓa riƙewa mai wannan fasalin. Uwarta ce. Ta yi shekaru tana zuwa wurina, lokacin muna tsohuwar unguwa, wannan kuwa tana goye. Na ci gaba da tsaga.

Da na gama na dunƙule gashin na miƙa mata. Ta yi dariya, ta ce, "Haba Mama, ki zubar mana." Na buɗe jakarta da kaina na jefa. Ta dube ni kamar na sa mata ƙadangare.

Juma'a, da yamma

Auta ya zo gaishe ni. Na ce ya zauna ya fassara min abin da ya sa mata masu turare suke min durƙuso.

Ga yadda ya ce, in na yi kuskure ke kin ji, amma kar ki gyara. Wannan wayar da ke hannun kowa, duk wanda ka kira, da lokacin da ka kira shi, da inda kake tsaye, duk tana rubutawa. Gwamnati ta daɗe tana kwashe na kowa da kowa tana tarawa, mai laifi da mara laifi, kuma kamfanin su Mai Turare ne yake riƙe mata da rumbun. Sai wasu suka kai ƙara. Kotu ta ce babu dokar da ta ba da wannan izinin, a goge komai kafin ƙarshen wata. Shi ne yanzu ake gudu a yi sabuwar doka kafin watan ya mutu, wadda za ta halatta abin da aka riga aka tara, ta kuma ce a ci gaba. Sai kwamitin su Auta ya yarda kafin maganar ta shiga zauren majalisa. Kwamitin ya rabu biyu daidai, shi ne a tsakiya.

Na ce, "Kai me ka gani?"

Ya ce, "Inna, ba zan sa hannu ba. Kotu ta ce ka yi ɓarna, sai ka je ka sayo doka ta ce ba ɓarna ba ce?"

Na ce ɗan halak. Ya cinye shinkafar da na ajiye wa kaina, ya tafi yana dariya. Wannan yaron tun yana rarrafe ba ya ganin kwano a rufe ya wuce.

Asabar, da hantsi

Mai shagon bakin layi ya tare ni na je sayen sabulu. Ya ji a rediyo Auta yana jan ƙafa. Kin san shi ne aka taɓa sace wa yaro, kuma ta waya aka gano inda aka ɓoye shi. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Inna, ki gaya wa ɗanki, wanda bai taɓa kwana yana jiran kiran ɓarayi ba shi ne yake maganar sirri. Ni ba ni da abin ɓoyewa, su saurara."

Ban yi masa musu ba. Mutumin da ya ga abin da ya gani ba a yi masa wa'azi. Na kira Auta a gabansa. Auta ya ce a wancan lokacin alƙali ne ya sa hannu a bi lambar mutum ɗaya da ake zargi, kuma wannan babu mai neman hana shi. Abin da ake faɗa a kai shi ne a tara na duk gari a ajiye, ko wata rana za a buƙata.

Mai shago ya ce, "To in an buƙata ɗin fa?"

Na biya kuɗin sabuluna, ya ƙara min ashana, muka rabu lafiya.

Litinin, bayan azahar

Mai Turare ta dawo. Wai kitso ɗaya ya saki a goshi. Bai saki ba, kitsona ba ya saki, da farce ta tsinke shi.

Ina gyarawa tana zuba. Cikin hira, murya a kwance kamar mai tambayar farashin albasa, ta ce, "Mama, ashe ke ma kin sha hanya shekarun baya. Kullum ranar Talata, can bayan gari, gidan nan mai dogon farin bango. Wata da watanni. Allah sarki. Ai surukarki ta yi dace da uwar miji."

Hannuna bai tsaya ba. Rubuta wannan, hannuna bai tsaya ba.

Ta ce, "Ita ce shugabar makarantar ƙananan yaran nan ko? Iyaye sun yarda da ita sosai. Mutane dai ba su da kirki, Mama, abu kaɗan su juya. Shi ya sa muke so abubuwan nan su zauna a hannun da za a kula da su. In doka ta wuce, komai yana kulle. In ba ta wuce ba, wajen kwashe-kwashe ba a san abin da zai zube a hanya ba."

Na ƙarasa kitson. Na tattara gashin. Wannan karon ba ta yi dariya ba, ta buɗe jakar da kanta, amma ba ta karɓa da hannu ba.

Ba wanda ya san zancen Talatar nan sai ni da Auta da likita. Ke kanki cewa muka yi miki surukata ta tafi kwas. Na yi ta tunanin bakin wa ya yi yoyo. Ashe a cikin lalitata ɗan tsegumin yake, ni nake sa masa caji da hannuna.

Talata, da safe

Ba na jin magana yau. Rufe littafin.

Laraba, da hantsi

Kin sa wayar a tukunya? Rufe da murfi. Taki ma. Dariya kike? Yi dariyarki, ke da kika ce min a bara wai waya ba ta da kunne.

Tunda kin ji rabi, ji sauran, amma ba zan kira sunan abin ba. Bayan Uwar Biyu, matar Auta, ta haifi tagwayenta, barci ya ƙaurace mata. Ta daina ci. Sai ta zauna tana kallon jariran kamar na maƙwabta. Ciwo ne da ba ya fitar da jini, shi ya sa mutane ba sa tausaya masa, suna kawai suke sa masa. Muka kai ta inda aka san maganinsa. Ni kuma duk Talata in hau mota da matajina da man kitso. Ba ta magana a lokacin. Sai in ɗora kanta a cinyata in yi ta yi. Ranar da ta fara cewa, "Inna, kin ja da yawa," na fita waje na yi kuka kamar an min albishir da Makka. Ta warke sarai. Yau yara sama da ɗari suke ƙarƙashinta, ko ɗaya bai taɓa ɓata ba.

Na san abin da kike so ki ce, tun jiya yake miki yawo a baki. Da na ce miki na san uwar Mai Turare, idonki ya yi haske kamar an kawo wuta. E, ta gaya min wani abu. E, in ya fita, Mai Turare ba za ta ƙara ɗaga kai a garin nan ba. Kalma ɗaya zan raɗa mata a kunne ta tattara turarenta ta bar mu.

Kin ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Kin ce matar ta rasu, me ya rage. To ai shi ya sa. Mai rai ma tana iya zuwa ta ce na yafe miki, faɗi. Wadda ke ƙasa fa? A cinyar nan ta ɗora kai, Ƙanwa. Wannan cinyar. In na zaro nata don in rufe namu, me ya raba ni da masu rumbun? Su ma ai cewa suke don alheri suke ajiyewa.

Kar ki harare ni. Ɗauko min ruwa.

Juma'a, da yamma

Auta ya zo. Na ajiye masa kwano a rufe, bai ko kalle shi ba.

Sun same shi shi ma. Ba Mai Turare ba, wani mai kwat ne ya tare shi a wurin ajiye motoci, ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar iyali da wata irin murya. Ya ce, "Inna, zan sa hannu ranar Alhamis. Ba zan bari a yi tallanta a gari ba. In ta ji, ciwon zai iya dawowa. Doka ko ba ni ba wata rana za ta wuce."

Na ce, "Ita ta sani?"

Ya ce, "Ba za ta sani ba. Inna, na roƙe ki. Ki min alkawari."

Na ce, "Ci abinci."

Ya ce, "Alkawari, Inna."

Na ce, "Shinkafar za ta huce."

Ya daɗe yana kallona. Ya san ni. Ban taɓa yi masa alkawarin da ba zan cika ba, shi ya sa ban cika yi masa alkawari ba.

Yau su ce sa hannu a nan. Gobe fa? Wanda ya riƙe maka gashi ba sau ɗaya yake ja ba. Zai zama ɗan majalisarsu har ya tsufa, ita kuma tana gida tana zuba masa shayi ba ta san da ita aka ɗaure shi ba.

Asabar, bayan la'asar

Na wanke matajina. Na ce Uwar Biyu ta zo gobe, kanta ya tsufa.

Lahadi, da yamma

Ta zo da tagwayen, kika ja su tsakar gida kina koya musu ƙidaya, Allah ya saka miki, ko a Lahadi ba ki barin yara su huta.

Na tsefe mata, na taje, na fara. Tana ba ni labarin wata malamarsu da ke barci a aji. Sai da na kai rabi na ce, "'Yata, akwai kayanki a hannuna, zan ba ki." Na gaya mata duka. Mai Turare, mai kwat, wayar da ke lalitata, ranar Alhamis, da abin da mijinta ya yanke. Ban rage ba, ban sa gishiri ba.

Na ji wuyanta ya yi tauri a cinyata. Ba ta ce uffan ba har na gama kan. Irin shirun nan na da. Na san shi, na yi wata da watanni ina yi masa kitso.

Na dunƙule gashin na sa mata a hannu, na naɗe yatsunta a kai. Na ce, "Naki ne. Ba na Auta ba, ba nawa ba, ba na masu rumbu ba. In kin ce a rufe, ni da kaina zan ce masa ya sa hannu, kuma ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Ta tashi ta ɗaura ɗankwali, ta kira yara, ta tafi. Ko sallama.

Ban yi kuskure ba. Rubuta haka.

Litinin, da safe

Auta ya kira. Ban taɓa jin muryarsa haka a kaina ba. Ya ce ba ta ci komai ba tun jiya. Ya ce in wani abu ya same ta... bai ƙarasa ba, ya kashe.

Ban yi kuskure ba.

Litinin, bayan la'asar

Ba ta je makaranta ba. Ciro wayar daga tukunya, ko za su kira.

Talata, da hantsi

Talata ce yau. Tun asuba nake jin kamar in ɗauki mataji in nufi tasha.

Kin ce har yanzu da sauran lokaci, in kira Mai Turare in raɗa mata kalmar nan. Na ji ki. Ba zan ɓoye miki ba, na ɗauki katin da ta bari na juya shi, ni da ban iya karatu ba. Na mayar ƙarƙashin tabarma.

Abin da na sani shi ne, matar da ta fito daga bayan farin bangon nan da ƙafarta ba ƙwai ba ce. Auta yana sonta, amma tun lokacin yake riƙe ta kamar kofin gilashi. Ni na ga inda ta faɗa, na ga yadda ta hau. Ban yi kuskure ba. Kin rubuta? Sake rubutawa.

Talata, da yamma

Uwar Biyu ta kira! Ita da kanta. Ta ce, "Inna, kin ja da yawa a ƙeya, kaina ciwo yake." Na ce gobe in sassauta. Ta ce a'a, gobe akwai taron iyayen yara, tana so in zo in zauna a gaba inda za ta riƙa ganina. Ta ce in sa mayafina mai kyau, ba wannan da ya koɗe ba.

Ɗumama min shinkafar nan. Yunwa nake ji.

Laraba, bayan la'asar

Kujerun makarantar nan na yara ne, gwiwata har haɓa. Iyaye sun cika ɗakin, ana fifita da takardu. Aka yi maganar kuɗin mota, aka yi maganar famfon da ya lalace. Auta yana can baya a tsaye kusa da ƙofa kamar mai shirin gudu.

Sai ta miƙe. Ta ce, "Akwai abin da nake so ku ji daga bakina kafin ku ji a wani wuri. Bayan na haihu na yi ciwon ƙwaƙwalwa. Na kwanta a asibitin masu taɓin hankali na wasu watanni. Na warke, ina ganin likitana har yanzu. Wasu sun samo wannan daga bayanan wayar surukata, suna so su sayi ƙuri'ar mijina da shi. To ga shi na ba ku kyauta."

Ni da na yi shekaru ina zagaye sunan abin, ita ta kira shi a gaban mutum ɗari, muryarta ko rawa.

Wani mai ƙaton ciki ya tashi ya ce shi ba zai bar 'yarsa a hannun, ya faɗi kalmar, ba zan maimaita ba. Ya fita, wasu suka bi shi. Ban ƙirga ba, kar ki tambaye ni. Wata kuma ta ce a koma maganar famfo, yara suna shan wahala. Aka koma maganar famfo.

Da aka tashi, wata yarinya da jariri a kafaɗa ta tsaya har kowa ya watse. Idonta duk ya zurma. Na ji tana tambayar Uwar Biyu a hankali, wace rana likitan yake ganin mutane. Na kau da kai na yi kamar ina neman takalmina.

Auta ya kawo ni gida. Bai yi min magana ba a hanya. Da zan sauka ya ce, "Inna, da ta faɗi fa?" Na ce, "Da na ɗauki matajina." Bai yi dariya ba. Zai huce.

Alhamis, da yamma

Mai shago ya ƙure rediyonsa har muna ji daga nan. Kwamiti ya ƙi. Da ƙuri'a ɗaya. Umarnin kotu yana nan, a goge kafin wata ya mutu.

Na aika a sayo min sukari, ya aiko da shi ba ashana. Ya ce a gaya min in aka sake sace wani yaro, ya san gidan da zai zo. Ban ji haushinsa ba. Allah ya tsare yaran kowa, nasa da namu.

Kin ce wai za su sake kawo dokar baɗi da wani suna. To su kawo. Baɗin ma muna nan, in da rai.

Juma'a, da yamma

Auta bai zo ba. Ya aiko direba da lemo. Na rufe kwanon na ajiye.

Lahadi, da hantsi

An cire yara daga makarantar, ba kaɗan ba. Masu makarantar sun kira Uwar Biyu zama ranar Laraba. Ta ce min in sun sallame ta za ta buɗe tata a garejin gida. Tana ci, tana barci. Na tambayi tagwayen, su ba sa ƙarya, sun ce har minshari.

Auta ya zo ɗazu, bai zauna ba. Amma da zai fita ya ɗaga murfin kwanon.

Litinin, bayan azahar

Ba ki nan ɗazu, kin je karɓar fansho. Zauna ki ji.

Mai Turare ta zo. Ba mota, ba kwando, turaren ma kaɗan. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce kitson ya tsufa, ko zan tsefe mata. Na ce shigo, kai ba ya laifi.

Ta zauna a ƙasa. An ɗauke ta daga aikin, wai ta kasa. Ta ce ba ita ta nemo maganar Talata ba, a takarda aka miƙo mata. Na ce, "Amma bakinki ne ya faɗa." Ta ce haka ne.

Ina tsefewa na kai bayan kunnen dama, na sa yatsa a ɗan filin nan. Ta ce, "Mahaifiyata ma tana da shi." Na ce na sani. Ta ɗago da sauri har matajin ya faɗi.

Na gaya mata tsohuwar unguwa, da gidan mai bishiyar lemo a tsakar gida, da yadda take kuka a goye sai an ba ta murfin kwalbar mai ta yi wasa. Yarinyar ba ta da wauta. Ta ce, "Mama, tun ranar farko kin gane ni?" Na ce tun da na cire ɗankwalin. Ta ce, "Ta daɗe tana zuwa wurinki. Ta gaya miki abubuwa." Na ce mata suna magana.

Ta ce, "Kina da abin da za ki tsayar da ni da shi ke nan. Me ya sa ba ki yi ba?"

Na ce, "Juya, ban gama ƙeya ba."

Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Akwai abin da na daɗe ina zargi a gidanmu. Ba wanda ya rage da zan tambaya. Ni 'yarta ce, Mama. Ki gaya min."

Wallahi Ƙanwa, na tausaya mata. Amma na ce, "'Yar nan, duk ranar da uwarki ta tashi daga cinyar nan, na sa mata nata a hannu ta tafi da shi. Ba ta bar min ajiya ba."

Ta yi kuka, na bar ta ta yi. Ta faɗi wasu maganganu na kanta. Ajiye biron, ba na littafi ba ne. A'a, ko kin rantse.

Na gama, na taje, na bi haƙoran mataji na tsince har na ƙarshe, na duba zanena ko wani ya maƙale. Na dunƙule. Ina neman inda ta ajiye jakar, sai na ga ta riga ta miƙo hannu, tafin a buɗe.